Alhaji Alhassan Ɗantata da Kasuwar Kurmi

Duk sa'ad da aka ambaci sunan Alhassan Ɗantata, abin da kan fara faɗo wa mutane a rai shi ne dalar gyaɗa, da kuma raƙuman nan ashirin da suka kai kuɗinsa banki. To, amma gyaɗa ta riske shi ne bayan ya riga ya ƙware a sana'arsa. Makarantar da ta horar da shi ita ce fataucin goro, wanda bakinsa guda yake can ƙasar Gwanja, ɗaya bakin kuma yake cikin rumfunan Kasuwar Kurmi ta birnin Kano. Rayuwarsa ta faɗo daidai lokacin da aka rushe tsohuwar kasuwar aka sake gina ta, sa'an nan babban ciniki ya fice daga cikinta ya koma bakin tashar jirgin ƙasa. Wannan sauyi ya kayar da attajirai da dama. Shi kuwa a cikinsa ya tashi, kuma da dabarun tsohuwar kasuwar ya tashi.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haife shi a garin Bebeji cikin shekarar 1877, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Wanda ya san Bebeji a yau kaɗai zai yi wuya ya gane matsayinta na wancan lokaci. Gari ne mai ganuwa a kan hanyar Kano zuwa Zariya, kuma zango ne na ayarin da suka nufi Nupe da ƙasar Yarabawa da Gwanja. Baturen nan matafiyi, Clapperton, ya ratsa ta a 1826, ya ƙiyasta mutanenta sun haura 20,000. Ƙasar da ke kewaye da ita, daga Kura da Madobi zuwa Ƙiru, ƙasa ce ta auduga da saƙa da rini. Can kudu kuma, bayan Tudun Wada da dajin Falgore, akwai duwatsun Riruwai na ƙasar Doguwa ta yanzu, inda aka daɗe ana narka kuza. Sai dai yankin bai cika samun kwanciyar hankali ba, domin mayaƙan Ningi sun sha kai hari kudancin Kano a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, shi ya sa mai dukiya ba ya son kwana a garin da ba shi da ganuwa.

Mahaifinsa, Abdullahi, Ba'agale ne. Agalawa asalinsu daga Buzayen ƙasar Azbin yake. Sun gangaro ƙasar Katsina da Kano, suka zama Hausawa a harshe da al'ada, suka riƙi karatu da fatauci. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe cinikin goro a daular Sakkwato. Kakansa, Baba Talatin, daga ƙasar Katsina ya zo ya zauna a Madobi, ɗansa Abdullahi kuma daga baya ya koma Bebeji. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta.

Alhassan yana da kimanin shekara takwas mahaifinsa ya rasu. Uwar ta tashi ta koma Ankara, a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Daga nan sunan ya samo asali. Abin lura ne ƙwarai a ce mutumin da ya zama mafi arziki a Afirka ta Yamma a zamaninsa, da sunan baiwar da ta yi renonsa duniya ta san shi, kuma da shi zuriyarsa ke amsawa har gobe.

An sa shi makarantar allo a Bebeji. Ɗan abin da ya samu na gado bai daɗe ba ya ƙare, ya zamana yana yi wa malaminsa aiki, yana neman abin sawa a baka kamar kowane almajiri. A nan ya koyi tari a asusu, halin da bai rabu da shi ba har ya tsufa. Da ya kai wajen shekara 15 sai ya bi ayari ya tafi wurin mahaifiyarsa, watakila da zaton zai huta a gidan mai hali. Ita kuwa sai ta miƙa shi ga wani malami, ya ci gaba da karatu da neman na kansa. Bai jima ba ya komo gida.

Komowarsa ta zo daidai da Yaƙin Basasa. Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Maje Karofi kuma suka ƙi, suka fita Takai ƙarƙashin Yusufu. Bayan rasuwar Yusufu, Aliyu Babba ya ja ragamar har ya shiga birni a 1894. Agalawa da yawa sun kasance a gefen Tukur, saboda haka da aka ci su, dukiyarsu ta zama ganima, su kansu kuma aka kama su. Alhassan da 'yan'uwansa biyu, Bala da Sidi, suna cikin waɗanda aka kama, sai da fansa suka kuɓuta. A lokacin nan rumfunan bayi na nan a Kasuwar Kurmi, suna ci kullum.

Kasuwar da Ya Tarar

Ya kamata a ɗan dakata a dubi kasuwar nan, domin ba a fahimtar mutumin sai da ita. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) shi ne ya kafa ta. Kafin shi, a zamanin Abdullahi Burja, aka buɗe hanyar Gwanja, watau ke nan goro da Kurmi kusan tare suka girma. An kafa ta a tsakiyar birni, a bakin Jakara, wurin da a da yake kurmi ne mai duhuwa, kuma daga nan ta sami sunanta. Ta ga daɗi ta ga wuya. A zamanin Sarki Kumbari (1731–1743) an ɗora mata haraji mai nauyi har ta kusa mutuwa, Larabawa suka kwashe suka koma Katsina. Bayan jihadi ne, musamman da Katsina ta raunana saboda yaƙe-yaƙe, Kurmi ta zama kasuwar da babu kamarta tsakanin Kwara da Tafkin Cadi.

Gininta a ƙarni na 19 ba wani abin kallo ba ne. Clapperton, wanda ya shige ta a 1824, ya tarar da rumfuna ne na itace da zana, an jera su layi-layi kamar tituna, a kan wani tudu da fadamun Jakara suka sa a tsakiya, wanda ruwa kan ci gefensa da damina. Ƙananan kaya masu daraja su ne a tsakiya, dabbobi da kaya masu nauyi irin su itace da hatsi suna bayan-baya. Kowace haja da layinta. Bayi suna cikin dogayen rumfuna biyu, ɗaya ta maza ɗaya ta mata. Sarkin Kasuwa ke ba da hayar rumfa wata-wata, kuɗin kuma su tafi fada. Kasuwar tana ci kullum daga fitowar rana har faɗuwarta. A cikinta ne ma Baturen ya sayi laimar Ingila, wadda ta ƙetaro hamada ta hannun Larabawa.

Ƙarfin kasuwar yana cikin tsarinta ne. Idan dillali ya sayar da turkuɗi, akan rubuta sunansa a cikin ƙunshin. In mai saye ya kai shi ko da Barno ne ya tarar da aibi, sai ya aiko da shi, dillali ya nemo mai kaya, a mayar da kuɗi. Baƙon falke kuma ba ya kama rumfa. Yakan sauka a gidan fatomansa a ɗaya daga unguwannin da ke kewaye da kasuwar, fatoma ya ba shi masauki da abinci, ya adana kayansa, ya nemo masu saye, ya tsaya masa in za a ba da bashi, ya karɓi la'adarsa. Saboda haka abin da ido ke gani a rumfa samfur ne kurum. Ainihin dukiyar tana cikin zauruka da ɗakunan ajiya na gidajen attajirai, inda ake ƙulla cinikin miliyoyin wuri da magana da musafaha.

Goro kuwa shi ne hajar da ta fi kowace bukatar wannan amana. Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta ana shigo da fiye da kayan jaki 500 a shekara, kowane kaya in ya iso lafiya yana kai wuri 200,000. Isowarsa lafiya ita ce wuyar. Tafiyar Gwanja takan ci watanni, ayari yana da madugu da jagaba da malami, ana biyan sarakunan hanya, ana tsoron 'yan fashi. Goro kuma ba ya son zafi, ba ya son iska, sai an riƙa kwance shi ana tsince ruɓaɓɓe, ana sake ganye, ana yayyafa ruwa. Wanda ya yi sakaci na kwana kaɗan sai ya isa Kurmi da asara. Yaron da ya tashi cikin wannan sana'a yakan koyi lissafi da haƙuri, ya kuma koyi sanin mutumin da za a bar wa kaya a juya baya.

Hanyar Teku

Lokacin da Alhassan ya fara fatauci da ƙafarsa, tsohuwar hanya ta riga ta fara lalacewa. Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, ikon Asante a kan arewa ya karye, sa'an nan yaƙin basasa ya watsa Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja, a 1892. Fatake suka warwatsu zuwa wasu garuruwa. A daidai wannan lokaci jiragen ruwa na Turawa suna zirga-zirga a gaɓar teku. Alhassan yana cikin Hausawan farko da suka gane amfanin wannan. Ya riƙa bi ta Badun zuwa Ikko, daga can ya shiga jirgi zuwa Ankara da Sekondi, ya hau jirgin ƙasa zuwa Kumasi bayan da aka gama wannan layi a 1903. Wajen 1906 ya riga ya kafu a wannan hanya. Tafiyar da ake yi sau ɗaya a shekara ta zama ana iya juya ta sau da dama, goro kuma ya rage lalacewa. Ya haɗa da duwatsun wuya da yadin Turawa, waɗanda uwargidansa ke shigar masa da su gidajen kulle, kasuwar da babu ɗa namijin da ke iya kai mata.

Yana cikin wannan zirga-zirga ƙasar ta sake hannu. Ran 1 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland, wadda ta taso daga Zariya, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, aka kashe sarkin garin da mutane da dama. Bayan kwana biyu Kano ta faɗi, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Turawa suka naɗa Abbas, suka kuma rufe kasuwar bayi.

A 1904 aka rushe tsohuwar Kurmi, aka soma sabon gini, aka buɗe shi a 1909. Sabuwar kasuwar tana da rumfuna 755 na ƙasa, da masallaci, da ɗakin shari'a. Gini ne irin na Kano: tubali da yaɓe, rufin soro a kan azara, da indararo na zubar da ruwan sama. Da yake azara, wadda ake tsagowa daga giginya, ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in an yi mata tazara mai faɗi, sai rumfunan suka zama ƙanana, gajeru, manne da juna, lungunan da ke tsakaninsu kuma matsattsu, inuwa ta rufe su galibin yini. Irin wannan gini yana da sanyi da rani, ba ya kuma saurin kama wuta kamar zana, amma yana bukatar yaɓe kowace shekara bayan damina. Abin da ya fi damun masu mulki shi ne kuɗin shiga, domin rumfar da aka gina aka ƙidaya ta fi ta zana sauƙin karɓar haya. Daga baya En'e ta zuba marmara a wasu hanyoyin ta faɗaɗa su.

Abin mamaki shi ne, kasuwar ta sami gini mafi inganci a tarihinta ne a daidai lokacin da babban cinikinta ke shirin barinta. Ayarin hamada ya riga ya ja baya, tun da kayan Turai ya fi arha ta teku. Shekara biyu kacal bayan buɗe ta, a 1911, layin dogo ya iso Kano, aka buɗe shi ga ciniki a 1912. An ajiye tashar a wajen ganuwa, can gabas, kamfanonin Turawa suka kafa kantunansu a kusa da ita, Kwara suka zauna a gefen Fagge, Sabon Gari ya tsiro da tasa kasuwar.

Gyaɗa

Turawa auduga suka sa wa rai, domin masaƙun Lankasha. Manoman Kano suka yi nasu lissafin. Auduga tana da masu saye a gida, masaƙa da marina, waɗanda ke biya fiye da Bature. Gyaɗa kuwa tana son jigawa, ana shuka ta tare da gero da dawa, in kasuwa ta ƙi a ci abin, harawarta kuma dabbobi su ci. A Turai ana neman manta domin yin sabulu da man shafa wa burodi. Sai dai Baturen kanti bai san ƙauye ba, bai san wanda zai ba kuɗi ya dawo ba. Masu wannan sani su ne fataken goro, irin su Umaru Sharubutu na Koƙi da Maikano Agogo. Suka baza yaransu ƙauyuka da gishiri da yadi da kuɗin kafin alƙalami, suna shaida wa manoma cewa duk gyaɗar da aka noma za a saya. A 1913 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta haura ton 19,000, har jirgin ya kasa kwashewa. Yunwar Kakalaba ta 1914 da Yaƙin Duniya na Ɗaya sun kawo cikas, amma ba su kashe cinikin ba.

A 1918 Kamfanin Neja ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa. Ya shigo a bayan wasu, amma ya zo da abin da ya ishe shi. Yana da jari na kansa daga goro, saboda haka ba ya jiran sai kamfani ya ba shi kafin ya saya. Yana da 'yan'uwa da abokan fatauci a garuruwan Agalawa na kudancin Kano, inda aka san shi aka san ubansa. Ya kuma ɗauki tsarin maigida da yaransa, wanda ya tashi a ciki, ya shimfiɗa shi a kan sabuwar haja: ya ba yaro jari tun kafin kaka, yaron ya ba na ƙasa da shi, har abin ya kai ga manomi, in kaka ta yi gyaɗa ta biyo wannan igiya ta komo sikelinsa. Wanda ya cika alkawari a ƙara masa, wanda ya ci amana a yanke shi. Takardar da ke tsakaninsu ba ta wuce ta dillalin turkuɗi ba. Wajen 1922 ya zama attajirin da ya fi kowa a Kano.

Da can ba shi da gida a birni, a Bebeji iyalinsa suke, in ya shigo ya sauka wurin fatoma kamar kowane falke. Da harka ta buɗe sai ya gina gida a Sarari, kusa da Koƙi, wurin da yake fili ne a lokacin. Bai bi Turawa da Kwara zuwa bayan ganuwa ba. Ya zauna a arewacin Kurmi cikin unguwannin fatake, gidansa ya zama irin gidan fatoman da, sai dai ya ninka shi girma, ga masauki, ga ɗakunan ajiya, ga malamai masu riƙe lissafi. Ya sauke farali cikin shekarun 1920, ta jirgin ruwa.

A 1929 Kamfanin Neja ya haɗe da wani suka zama U.A.C., Alhassan ya zama babban mai saya masa gyaɗa, yana kuma rarraba kayansa na kanti. A shekarar nan ce ya kai ajiyarsa ta kuɗin azurfa a kan raƙuma 20 zuwa reshen Kano na bankin Turawa, wanda a yau ake kira First Bank. Mutane sun fi riƙe yawan raƙuman. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne yarda da ya yi ya fitar da dukiyarsa daga ɗakin ajiya ya damƙa wa baƙo, a lokacin da yawancin attajirai ke binne tasu. Wanda ya fara ƙirga wuri a Bebeji ya ƙare yana sa hannu a takardar banki.

Dalar gyaɗa, wadda ake danganta farkonta da shi, ta samo asali ne daga gazawar jirgi. Gyaɗa ta fi ƙarfin taragu, dole a tara buhuna a fili ta yadda ba za su zube ba, a lulluɓe su da tamfol har layi ya zo kansu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta karɓe cinikin ta hannun hukumar sayen gyaɗa, wadda aka kafa a 1949, ya zamana sai mai lasisi ke saya. A farkon shekarun 1950 Alhassan ya sami nasa lasisin, ya daina zama ɗan aiken kamfanin Turawa, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da su da sunan kamfaninsa da 'ya'yansa. Bai taɓa sakin goro ba duk da haka, ya kuma haɗa da shanu da hatsi da yadi. A ƙarshen rayuwarsa an sa shi cikin majalisar Sarkin Kano, abin da ba a saba yi wa wanda ba ɗan sarauta ko malami ba.

Ba za a ce tsarin nan ba shi da illa ba. Manomin da ya karɓi kuɗi da bazara ba shi da bakin ciniki da kaka, kuma ƙasar da ta dogara ga haja guda farashinta a hannun wasu yake, kamar yadda aka gani a shekarun 1930 lokacin da kasuwar duniya ta faɗi. Amma da fataken goro ba su shiga tsakani ba, da ribar tsakiya ma ta tafi hannun baƙi gaba ɗaya.

Rasuwarsa

An san shi da sauƙin rayuwa da tsantseni wajen kashe kuɗi, yana cin abinci tare da ma'aikatansa. Da ciwo ya tsananta a 1955 ya tara 'ya'yansa, ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su raba kamfanin, su riƙe zumunci, su kula da talakawan dangi. Ya rasu ran 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. 'Ya'yansa, Ahmadu da Sanusi da Aminu da sauransu, suka ci gaba da harkar. Aminu ya rasu a 2025. Aliko Ɗangote kuma jikan Sanusi ne ta wajen uwa.

Dalar gyaɗa ta ɓace cikin shekarun 1970, bayan fari da cutar gyaɗa da zuwan kuɗin man fetur. Kurmi kuwa tana nan a bakin Jakara, kwano da siminti sun maye gurbin yawancin sorayen 1909, lungunanta dai ba su faɗaɗa ba. Yadi ya koma Kantin Kwari, hatsi ya koma Dawanau, goro ya koma Mariri. Abin da ya rage mata shi ne kayan hannu: sirdi da linzami, jakar fata, ƙwarya, turare, duwatsun wuya, da rigunan saƙi.